Gida Biyu Maganin Gobara: Ƙwallon Muntari da Tambayar "Kai Ɗan Ina Ne?"

 

Ranar Juma'a 25 ga Nuwamba 2022, bayan an sauko daga masallaci, na biyo ta Adum zan kai wata takarda da mai gidana ya aike ni da ita. A ƙofar wani shagon kayan lantarki na tarar da jama'a sun yi cincirindo gaban talabijin, ana wasan Katar da Senegal a gasar cin kofin duniya. Senegal na da ci biyu, Katar kuwa ba ta da ko ɗaya. A minti na 78 aka ɗago ƙwallo daga gefen dama, sai wani dogon saurayi baƙi, wanda bai daɗe da shigowa fili ba, ya yi tsalle ya sa mata kai, ta faɗa raga. Mai sharhi ya kira sunansa: Mohammed Muntari. Wani dattijo mai sayar da takalma da ke tsaye kusa da ni ya ɗaga hannu ya ce, "Allahu Akbar, wannan ai ɗanmu ne, haihuwar Kumasi!" Wani matashi ya waiwayo ya ce, "Baba, ɗanmu a ina? Wanda ya sayar da ƙasarsa ga Larabawa saboda kuɗi?" Nan take gardama ta kaure, har aka manta da wasan, wanda ya tashi Senegal na da uku Katar na da ɗaya.

Tun daga ranar na sha jin irin wannan magana a majalisun shayi da wuraren suna da zaman makoki, kuma kullum ba ta daina damuna ba. Ra'ayina shi ne, duk wanda zai jefi Muntari da cin amanar ƙasa, bai kamata a ji wannan magana daga bakin ɗan Zango ba. Zan kawo dalilaina, sannan in kawo abin da masu suka suke da gaskiya a cikinsa, domin suna da ita a wani ɓangare.

An haifi Mohammed Muntari a Kumasi ranar 20 ga Disamba 1993. Sunansa kaɗai ya isa shaida ga kunnen Bahaushe, domin Muntari shi ne Mukhtar a bakinmu. Ya koyi ƙwallo a makarantar horar da yara ta Nii Odartey Lamptey, sannan a 2012, yana da shekara 18, ya tafi Katar ya shiga ƙungiyar El Jaish. A ƙarshen 2014 ya fara sa rigar ƙasar Katar, aka tafi da shi gasar cin kofin Asiya ta 2015 a Ostireliya. A shekarar ce kuma ya koma Lekhwiya, wadda ta haɗe da El Jaish a 2017 suka zama Al-Duhail. Ƙwallon da ya ci Senegal a filin Al Thumama ita ce ta farko da Katar ta taɓa ci a tarihin gasar cin kofin duniya, kuma ita kaɗai ta samu a wannan gasa, domin Ekwado da Holan duk biyu da nema suka yi mata. Ƙasar da ta kashe dukiya mai ɗimbin yawa ta gina filaye, ta tara duniya a gidanta, ɗan Kumasi ne ya fitar da ita kunya.

Ku tuna abin da ya faru kwana ɗaya kafin nan, da kwana uku bayan nan. Ranar Alhamis Gana ta kara da Fotugal, kuma wanda ke jagorantar gabanmu shi ne Iñaki Williams, haihuwar Bilbao ta ƙasar Sifaniya a 1994, wanda ya taɓa buga wa Sifaniya wasan sada zumunta a 2016, bai kuma zaɓi Gana ba sai a watan Yulin 2022. Duk mun miƙe tsaye a ƙarshen wasan lokacin da ya lallaɓo ta bayan mai tsaron gidan Fotugal ya ƙwace ƙwallo, santsi ya kwashe shi. Ranar Litinin 28 ga wata kuma wani haihuwar Kumasi, Mohammed Salisu, ya buɗe wa Gana ci a kan Koriya ta Kudu, Mohammed Kudus na Nima ya ƙara biyu, muka ci uku da biyu. A gasa ɗaya, cikin kwana huɗu, 'ya'yan gari ɗaya masu suna ɗaya sun ci wa ƙasa biyu ƙwallo.

To, da wane mudu muke awo? Lokacin da Iñaki ya ajiye rigar ƙasar da ta haife shi, ta raine shi, ta koya masa ƙwallo, mun ce ɗa ya dawo gida, muka buga ganga. Haka muka yi wa Tariq Lamptey da ya bar Ingila, haka muka yi wa Kevin-Prince Boateng da ya bar Jamus, har ya fuskanci ɗan'uwansa Jérôme a fili a 2010 da 2014. Marcel Desailly, haihuwar Ankara, ya ɗaga kofin duniya da Faransa a 1998. Gerald Asamoah, haihuwar Mampong, ya buga wa Jamus wasan ƙarshe a 2002. Nico Williams, ƙanen Iñaki, ya ci wa Sifaniya ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Turai a 2024. Waɗannan duka muna alfahari da su, muna cewa jinin Gana ne. Ashe in yaro ya bar wata ƙasa ya zo mana, ɗan halak ne. In ya bar mu ya tafi ƙasar Turawa, abin tinƙaho ne. Sai wanda ya tafi ƙasar Larabawa shi ne maci amana? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Amma abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne tarihinmu. Mu jikokin fatake ne. Kakanninmu sun baro Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau da Gobir, suka bi hanyar Gwanja da jakuna, suna kawo kanwa da tufafi da fatu, suna komawa da goro daga Salaga da Kintampo. Turawan da suka zo fadar Asantehene Osei Bonsu a 1817 da 1820 sun tarar da Musulmi zaune a Kumasi, suna kasuwanci, suna yi wa sarki rubutu. Bayan Ingilishi sun ci ƙasar Tonawa, zango ya bunƙasa, ya haifi unguwannin da muke ciki yau. Ita kanta kalmar zango, asalinta wurin da ayari ke yada kaya ya huta ne. Babu ɗaya daga cikin kakannin nan da aka ce ya sayar da Katsina don ya zauna a Kumasi. Cewa ake yi ya tafi neman halaliyarsa, Allah ya sa ya dace.

Kuma mun san ɗacin a tambaye ka kai ɗan ina ne alhali kana tsaye a inda aka binne cibiyarka. A 1957, shekarar da Gana ta samu 'yancin kai, gwamnati ta kori manyan Zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Najeriya. Sun je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, aka fitar da su kafin shari'a ta kai ƙarshe. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar ƙasa. Ni ban yi wayon wannan ba, amma na ji daga bakin mahaifina, Allah ya jiƙansa, yadda aka riƙa sayar da gida da shago a kan kuɗin mota, yadda mutanen da ba su taɓa ganin Najeriya ba suka hau manyan motoci zuwa ƙasar da aka ce tasu ce. Wanda na gani da idona shi ne na 1983, lokacin da Najeriya a zamanin Shagari ta koro 'yan Gana, suka iso da jakunkunan nan masu zane da har yau sunan korar yake binsu. A tsakanin korar biyu, ɗan Zango shi ne ya sha duka ta kowane gefe: a nan a ce masa ɗan Najeriya, a can a ce masa ɗan Gana.

Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne. Aikina ya sa nakan raka mutane neman katin ɗan ƙasa da fasfo. Na taɓa tsayawa a wani ofishi tare da wata dattijuwa da aka haife ta a nan, aka haifi uwarta a nan, amma da ta faɗi sunanta sai aka ce ta faɗi garinsu na asali. Ta ce Kumasi. Aka yi murmushi aka ce ba wannan ake nufi ba. Dalilin wannan tambaya kuwa a doka yake: a Gana haihuwa a cikin ƙasa kaɗai ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa, sai ta hanyar iyaye ko kakanni. Wanda kakansa bai bar takarda ba, shi ne ke shan tambaya. Mutanen da ake yi wa haka, ina suka samu bakin da za su tuhumi wani da rashin kishin ƙasa?

Kuma ba don ba mu bauta wa ƙasar nan ba. Babban filin wasa na garin nan sunan Baba Yara yake ɗauke da shi, gwanin gefe na Asante Kotoko da Black Stars, wanda haɗarin mota ya nakasa a 1963, ya rasu a 1969, shekarar korar baƙi. Abdul Razak, ɗan Kumasi, ya ci kofin Afirka da Gana a 1978, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Afirka na shekarar, kafin ya tafi New York Cosmos a Amurka. A filin Baba Yara ɗin nan Gana ta yi canjaras babu ci da Najeriya ranar 25 ga Maris 2022, kafin a je Abuja a tashi ɗaya da ɗaya, Gana ta wuce zuwa Katar. A daren nan na san gidaje a Aboabo da Asawase da Sabon Zango inda kaka ke goyon bayan Najeriya, jika na goyon bayan Gana, aka yi ta tsiya, da safe kuma aka sha koko a kwano ɗaya. Mun daɗe da sanin cewa zuciya ɗaya tana iya ɗaukar gida biyu.

Yanzu bari in juya ga masu suka, domin adalci. Hujjarsu ta farko ita ce, Iñaki jini ne ya ja shi, iyayensa 'yan Gana ne da suka ƙetare Sahara suka shiga Sifaniya ta Melilla. Shi kuwa Muntari ba shi da dangi a Katar, dukiya ce ta kira shi. Wannan bambanci gaskiya ne, ban musa ba. Amma ina tambaya: me ya kira iyayen Iñaki zuwa Sifaniya? Me ya kira kakanninmu zuwa Gwanja? Neman abinci ne, kuma ba abin kunya ba ne. Yaro ɗan shekara 18 da sunansa bai shiga bakin kowa ba a nan, a zamanin da Asamoah Gyan da 'ya'yan Abedi Pele suka cika gaban Black Stars, aka buɗe masa ƙofa a wani wuri, wane uba ne a cikinmu zai ce masa ya zauna ya jira? Rayuwar ɗan ƙwallo gajera ce. In ya yi sa'a ya samu shekara 15, kuma rauni ɗaya a gwiwa ya isa ya rufe littafin.

Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi. Suna cewa in ƙasashe masu arziki za su riƙa ɗibar yaranmu suna sa musu riga, to gasar ƙasashe ta zama kasuwa, kuma talaka ne zai yi asara. Na yarda. Ita ma hukumar FIFA saboda wannan tsoro ta ɗaure al'amarin da sharuɗɗa, na haihuwa ko iyaye ko kakanni ko zama na shekaru a ƙasa. Amma wannan ƙara ce da ya kamata a kai gaban masu mulki da masu riƙe da harkar ƙwallo. A tambaye su me ya sa ƙungiyoyin yara na kolts, waɗanda suka fitar da gwanayen da, suke wasa a kan tsakuwa. A tambaye su me ya sa ɗan wasan cikin gida yake kwana da yunwa yana jiran albashi. Inda bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Akwai kuma abu na uku, wanda masu yabon Muntari ba sa son ji. Hausawan da suka ce gida biyu maganin gobara, su ne kuma suka ce ba a tauna taura biyu. Gana ta halatta zama ɗan ƙasa biyu tun gyaran tsarin mulki na 1996 da dokar zama ɗan ƙasa ta 2000, ko da yake ta hana mai ƙasa biyu wasu manyan muƙamai. Ita kuwa Katar dokarta ba ta yarda da riƙe ƙasa biyu ba, kuma baƙo na gama-gari sai ya yi shekara 25 a jere kafin ma ya nemi zama ɗan ƙasa. 'Ya'yanmu nawa ne suke gadi da tuƙi da aikin gini a Doha, a cikin rana mai narka kwalta, waɗanda ko sun tsufa a can ba za su taɓa jin ƙanshin wannan takarda ba? Ƙofar da aka buɗe wa Muntari ƙafarsa da kansa ne suka buɗe ta, ba a buɗe ta don kowa ba. Inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha.

A nan ne damuwata ta gaskiya take. Gardamar ko Muntari namu ne ko ba namu ba ce tana ɗauke mana hankali daga yaran da suka bi sawunsa suka ɓace. Wata rana wani bawan Allah ya zo zauren mai gidana da ɗansa da wata takarda ta Turanci, wai wani dillali ya samar wa yaron gwaji a wata ƙungiya a ƙasar waje. Aka ba ni in karanta. Babu hatimin ƙungiya, babu ranar gwaji, babu abin da ya bayyana sarai sai kuɗin da za a biya. Na faɗa masa abin da na gani. Ya ce baƙin ciki ne irin na 'yan boko. Ya sayar da filin da ya gada, yaron ya tafi. Bayan wata bakwai mu ne muka zagaya da kwano a masallaci muna tara kuɗin jirgin dawo da shi, bizarsa ta ƙare, dillali ya kashe waya. Yau yaron yana tura baro a Kejetia, uban kuma yana gidan haya.

Shi kansa Nii Odartey Lamptey, wanda Muntari ya fito daga hannunsa, izina ne. Ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 da Gana a 1991, ya haskaka a Anderlecht ta Beljiyam, har ana kwatanta shi da Pele. Da bakinsa ya sha faɗin cewa rashin iya karatu ya sa ya sa hannu a takardun da bai san abin da ke cikinsu ba, wasu suka ci guminsa. Da ya dawo gida, makaranta ya gina. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Saboda haka ga shawarata ga iyaye, ni da nake ganin takardu kullum. Ku yi wa 'ya'yanku takardar haihuwa tun suna jarirai, da ainihin shekarunsu, ku adana takardun kakanni kamar yadda kuke adana takardar gida. Kada ku yarda a rage wa yaro shekaru ko a canza masa suna don tafiya. Ƙaryar da aka rubuta a fasfo tana bin mutum har kabari, wata rana ma ita za ta sa a ce masa ba ɗan ƙasa ba ne. Ku sani dokar FIFA ta hana kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo, in ban da 'yan wurare ƙalilan da aka keɓe; duk wanda ya zo zai tafi da ɗan shekara 15, ku tambaye shi a kan wace doka. Dillalin gaskiya yana da lasisi, kuma ana iya bincikarsa a hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ba ta sa uba ya sayar da fili. Kada yaro ya ajiye allo da littafi saboda ƙwallo, domin ranar sa hannu a yarjejeniya ƙafa ba ta karanta takarda. In kuma wata ƙasa ta yi masa tayin rigarta, a zauna da mai ilimin doka a tambaya: wannan takarda ta dindindin ce ko ta lokacin wasa? Za ta shafi matarsa da 'ya'yansa? Sai ya ajiye ta Gana? In ya ajiye, yaya zai yi ya dawo da ita?

Ga samarinmu da Allah ya ɗaga a ƙasashen waje kuwa, ko wace riga suka sa, abin da Zango ke binsu ba launin tuta ba ne. Zumunci ne, kuma zumunta a ƙafa take. Ku zo a ganku. Ku dubi filin da kuka fara buga ƙwallo ba takalmi, ku dubi malamin allon da ya koya muku baƙi, ku dubi mai horar da yara da ya saya muku ruwa da kuɗin aljihunsa. Ku faɗa wa ƙannenku gaskiyar wahalar da ke can, ba motoci kaɗai za ku riƙa nuna musu a waya ba. Wanda ya yi wannan namu ne ko da taken wace ƙasa yake miƙewa. Wanda ya yanke shi, ko da rigar Black Stars yake kwana, ya bar gida, gida kuma ya bar shi.

Shi kuwa matashin nan na Adum, in yana karanta wannan, ina roƙonsa ya je ya zauna gaban kakarsa, ya tambaye ta inda suke a watan Nuwamban 1969, da abin da aka kira su da shi a lokacin. In ya ji amsa, ya dawo mu sake maganar Muntari.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu na gida da na waje, ya sa su gama da iyayensu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu Gana lafiya. Inda na yi kuskure, malamai da dattawa su gyara mini. Wassalam.